Tambaya da Amsa: Kayan Kama Ƙudan Zuma da Sauya Musu Mazauni

Tun da damina ta ɗauke, wasiƙun da ke zuwa wannan fili a kan ƙudan zuma suka yawaita, kuma dalilin a bayyane yake, domin daga kaka zuwa tsakiyar rani, lokacin da gawo da mangwaro da kaɗanya da ɗorawa suke fure bi da bi, gidajen zuma sukan cika har su rabu, gungu-gungu su bazama neman sabon mazauni. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙudan zuma sun sauka a reshen mangwaron da ke tsakar gidanmu, sun dunƙule wuri guda. Maƙwabta suna cewa mu sa musu wuta da dare ko mu fesa musu fiya-fiya. Ina da ƙananan yara, amma ba na son a kashe su in da wata hanya. Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin wannan amsa ta iso gare ki, mai yiwuwa baƙin naki sun riga sun tashi da kansu, amma tunda abu ne da yakan sake faruwa, bari mu yi bayani. Abin da kika gani gungu ne da ya rabo daga wani gida da ya cika, inda tsohuwar sarauniya ta fito da kimanin rabin ma'aikatan, ta bar wa 'yarta gadon gida. Sukan yada zango a reshe na 'yan sa'o'i, wani lokaci har kwana biyu ko uku, yayin da kaɗan daga cikinsu suke zagayawa suna duba kogon itace ko ramin bango. Kafin su baro gida sukan cika cikinsu da zuma a matsayin guzuri, kuma ba su da saƙa ko 'ya'yan da za su kare, shi ya sa a wannan hali suka fi sauƙin kamawa. Duk da haka, waɗanda suka daɗe a reshe har guzuri ya ƙare sukan yi zafin rai, don haka a shigar da yara ɗaki, a kuma kwance dabbobin da ke ɗaure a turke a kusa, domin dabbar da ba ta iya gudu ita ce ta fi shan wahala idan abin ya ɓaci.

Kayan da ake bukata ba masu tsada ba ne: akwatin katako ko kwali mai ƙarfi, da farin zani, da tsani, da tufafin kariya, wato hula mai raga, da safar hannu, da takalmi rufaffe, da wando da aka ɗaure bakinsa. Da la'asar sakaliya sai a shimfiɗa zanin a ƙasa, a tara akwatin daidai ƙarƙashin gungun, a girgiza reshen sau ɗaya da ƙarfi, yadda za su faɗa ciki a dunƙule. Daga nan a rufe, a bar 'yar kafa, a ajiye akwatin a kan zanin, a ja da baya a zuba ido. Idan sarauniya ta faɗa ciki, za a ga waɗansu ma'aikata sun tsaya a bakin kafar sun ɗaga gindinsu sama suna kaɗa fikafikai ba ƙaƙƙautawa, suna watsa wani ƙanshi da ke fita daga kusa da wutsiyarsu, sai sauran da suka zube a kan zanin su juya gaba ɗaya su nufi akwatin a ƙasa suna tafiya a jere. Idan kuwa bayan rabin sa'a aka ga suna komawa reshen, to tana can, sai a bari su sake dunƙulewa a maimaita. In reshen ya yi nisa, ana ɗaura bokiti a kan dogon gora, ko buhun da aka ɗinka wa zoben waya a baki, a tura shi ƙarƙashinsu a bugi reshen. Bayan magariba, lokacin da duka suka shige, a toshe kafar da ragar waya a ɗauke.

Wuta ba ta gamawa da su, sai dai ta watsa su a cikin unguwa, ga kuma haɗarin zana da rumbu a lokacin rani. Fiya-fiya ma ba ta kashe su a lokaci guda, kuma waɗanda suka tsira su ne za su yi harbi. Ban da wannan, Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah (SAW) ya hana kashe halittu huɗu, daga cikinsu akwai ƙudan zuma da tururuwa da alhudahuda. Shawarata, Hajiya, ita ce kada mai gida ya gwada wannan aiki da kansa in bai taɓa yi ba. A nemi mai kiwon zuma a unguwa ko ƙauye na kusa, domin a wurinsa gungu jari ne da ya samu kyauta. Wanda aka harba a kankare masa ƙarin nan take, kuma idan fuska ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko jiri ya kama shi, a garzaya da shi asibiti ba tare da jiran maganin gida ba.

Tambaya: Na gaji amya daga mahaifina, amma yanzu na sa kafinta ya yi mini akwatuna irin na zamani guda uku, kuma har yau zuma ba ta shiga ko ɗaya ba. An ce akwai akwatin tarko. Mene ne shi, kuma yaya ake haɗa shi? Daga wani manomi a yankin Maraɗi.

Amsa: Malam, amyar da ka gada ita kanta tarko ce, kuma iyayenmu da suke saƙa ta da ciyawa, su shafe ta da kashin shanu, su turara ta, su ɗora ta can saman ɗorawa ko tsamiya, sun riga sun gano yawancin abin da bincike ya tabbatar daga baya. Matsalarta guda ita ce saƙar tana manne da jikinta, ba a iya fitar da ita sai an yanka. Akwatunanka kuwa, ina kyautata zaton a ƙasa ka ajiye su, ga girma, ga warin sabon katako, alhali masu leƙen wuri a cikin gungu suna da abin da suke nema.

A shekarun 1970, Thomas Seeley da Roger Morse na Jami'ar Cornell a Amurka sun rataye akwatuna iri-iri domin su ga wanda gungu zai zaɓa. Suka tarar cewa sun fi son mai cin lita 40 a kan mai lita 10 ko 100, sun fi son ƙaramar ƙofa a kan babba, sun kuma fi son wanda aka rataye a tsayin mita 5 daga ƙasa a kan wanda ke tsayin mita 1. Da ƙudan zuman Turai aka yi wannan bincike, kuma namu na Afirka ta Yamma sun fi ƙanƙanta, sukan yarda da wurin da bai kai haka girma ba, amma ƙa'idar ba ta canja ba: wuri madaidaici, mai duhu, busasshe, mai ƙaramar ƙofa, kuma a sama.

Akwatin tarko ƙaramin kwafi ne na babban akwatinka. Idan naka irin na Kenya ne mai sanduna a sama, wanda aka fito da shi a farkon shekarun 1970, ka sa kafinta ya yi maka gajere mai ɗaukar sanduna biyar ko shida, kuma lalle sandunan su zama daidai da na babban, ta yadda ranar sauyi za ka ɗaga kowace sanda da saƙarta ka mayar, ba yanka ba fasawa. A nan ne kafintoci suka fi yin kuskure, domin faɗin sanda ga zumanmu milimita 32 ne, kuma idan ya ƙaru ko ya ragu da yawa, sai su gina saƙa ɗaya a kan sanda biyu, amfanin akwatin ya tafi. A huda ƙofa ɗaya a ƙasa-ƙasa, wadda faɗinta bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, a kuma toshe duk wata tsaga da haske ke shiga.

Abin jan hankalinsu ƙanshi ne. Ka narkar da kakin zuma ka zizara siririn layi a tsakiyar kowace sanda, domin daga nan za su fara gini, ka goga kaki da danƙon tsohuwar amya a cikin akwatin da bakin ƙofa, in da hali ka sa gutsuren tsohuwar baƙar saƙa wadda babu zuma a cikinta. Ciyawar nan mai ƙanshin lemun tsami da ake sakawa a shayi tana ɗauke da sinadarai irin waɗanda ke cikin ƙanshin da ma'aikata suke kiran junansu da shi, don haka a murje ɗanyen ganyenta a goga a ciki, kaɗan ba da yawa ba. Kada ka zuba zuma ko ruwan sukari, domin tururuwa da cinnaka za ka tara. Ka rataye shi a inuwa da waya, a tsayin da tsaninka zai kai ba tare da ka sa ranka cikin haɗari ba, ko da mita 3 ne, ka shafa baƙin mai a jikin wayar saboda tururuwa, kuma itacen da amyar mahaifinka ta saba kamawa shi ne farkon inda za ka gwada.

Ka riƙa leƙawa duk mako. Ganin ƙudaje kaɗan suna shawagi a bakin ƙofa, suna shiga suna fita suna zagaya akwatin, alama ce ta masu dubawa kawai, kada ka taɓa. Sai ranar da ka ga suna dawowa da ƙullin garin fure, rawaya ko ja, manne a ƙafafunsu na baya, sannan za ka san sun zauna har sun fara renon 'ya'ya, kuma a lokacin ne ya dace a sauke.

Tambaya: Zuma ta shiga tsakanin silin da kwanon wani aji a makarantarmu fiye da shekara guda, har ruwan zuma yana tsatsowa a jikin silin idan rana ta take. Wani ya ce mu toshe ramin da siminti. Muna neman shawara. Daga shugaban wata makarantar firamare a Azare.

Amsa: Malam, wannan ya bambanta ƙwarai da gungun da ya sauka a reshe, domin waɗannan suna da saƙa da 'ya'ya da abincin da za su kare, kuma za su kare shi da dukkan ƙarfinsu. Toshe ramin shi ne mafi munin abin da za a yi, saboda za su nemi wata mafita, kuma sau da yawa mafitar cikin ajin take ɓullowa. Idan ma an yi nasarar kashe su a ciki, zuman da tsutsotsin za su ruɓe su yi wari, su jawo ɓeraye da kyankyasai, sannan ƙanshin kakin da ya rage ya kira wani gungun baɗi.

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce mazurarin raga. Ana naɗe ragar waya mai ƙananan idanu a yi ta siffar mazurari, tsawonsa kamar kamu ɗaya, a kafa faffaɗan bakin a kan ramin da suke fita, a bar tsinin yana kallon waje da 'yar kafa ta kimanin santimita 1, bayan an bi ginin an toshe duk sauran kafofi. Ƙudan yana fita ta tsinin ba wahala, amma idan ya dawo daga kiwo sai ya nufi gindin mazurarin, inda ya san ƙofa take kuma inda ƙanshin gida ke fitowa, ya yi ta kai-kawo a jikin ragar bai gane ya koma ta tsinin ba. Dab da wurin ake ɗaure akwati mai saƙa guda da aka ɗauko daga wani gidan zuma, wadda ke da ƙwai da ƙananan tsutsotsi, sai waɗanda suka rasa hanya su tare a ciki, su reni sabuwar sarauniya daga cikin tsutsotsin, abin da ke ɗaukar kimanin kwana 16 daga ƙwai. Aikin yana cin wata ɗaya zuwa biyu, saboda ma'aikaciya tana ɗaukar kusan mako uku daga ƙwai zuwa fitowa, kuma sai an jira na cikin ginin sun ƙyanƙyashe sun fito. Tsohuwar sarauniya ba kasafai take bin mazurarin ba, yawanci a ciki take ƙarewa. Bayan fita ta tsaya, ana cire mazurarin na 'yan kwanaki domin na cikin akwatin su shiga su kwashe zuman da ya rage, sannan a toshe.

Wannan dabara ta dace da bangon siminti ko kogon itacen da ba a son sarewa, amma a makaranta ba zan ba da shawararta ba sai a dogon hutu, domin a kwanakin farko dubban ƙudaje ne za su taru a waje cikin ruɗewa, ga yara suna wasa.

Tunda naku a silin suke, hanya ta biyu ta fi: a buɗe a kwashe. A zaɓi ranar da babu ɗalibai, a sanar da maƙwabta, a samu masu kiwon zuma aƙalla biyu da cikakkun tufafin kariya tare da kafinta. Ana busa hayaƙi, a cire allon silin a hankali, a yanko saƙa ɗaya bayan ɗaya da doguwar wuƙa. Mai zuma a sa ta a bokiti mai murfi, mai 'ya'ya kuma a ɗaure ta a jikin sanduna da zare ko tsinken ƙyalle, a kula kada a juya samanta ya koma ƙasa, domin ramukan saƙa a ɗan karkace suke zuwa sama. A nan ne ɗan kejin sarauniya yake da amfani, wani ƙaramin maƙali na roba mai tsage-tsage da ma'aikata ke iya ratsawa amma ita ba ta iyawa. Ana gane sarauniya da dogon ciki wanda fikafikanta ba su rufe shi duka ba, kuma takan gudu daga haske ta ɓuya a lungu. Da zarar an kama ta an sa a akwati, sauran za su bi. A ƙarshe a kankare wurin sarai, a wanke da sabulu, a cike gurbin, a toshe kowace kafa a bakin kwano.

Tambaya: Na ga wani inji a intanet da Turawa suke zuƙe ƙudan zuma da shi. Ina so in fara sana'ar cire zuma daga gidajen mutane. Ko in saya? Daga wani matashi a Kano.

Amsa: Injin yana aiki, amma ba shi ne farkon abin saye ba. Bambancinsa da injin share ƙura shi ne akwai akwati mai raga tsakanin tiyo da injin, da wata kafa da ake buɗewa a rage ƙarfin zuƙa, kuma cikin tiyon sumul yake. Wanda ya yi amfani da na share ƙura kai tsaye gawarwaki zai tara. Ko na ainihin ma, idan aka cika akwatin a zafin Kano, ko aka zuƙi ƙudajen da zuma ta jiƙa, za su mutu cikin ɗan lokaci, ga kuma bukatar wuta, alhali ƙara da girgizar janareta suna tunzura su.

Ka fara da tufafin kariya masu kyau da butar hayaƙi, wato gwangwani mai hanci da ɗan zuga-zugi a jiki, irin wadda Moses Quinby ya ƙirƙiro a Amurka a 1873, kuma maƙeranmu suna iya ƙera ta in sun ga samfuri. Idan ƙudan zuma ya yi harbi yakan saki wani wari mai kama da na ayaba wanda ke kiran sauran, hayaƙi kuwa yana rufe wannan wari. A sa busasshen kashin shanu ko totuwar masara ko tsohon buhun algarara, a nemi farin hayaƙi mai sanyi, ban da leda da roba. Sannan ka bi wani tsohon hannu ka yi kaka guda kana riƙe masa tsani kafin ka karɓi aikin kanka.

Tambaya: Na kama gungu na kai gonata da ke bayan gari, amma bayan kwana biyu na tarar da akwatin wayam. Me ya kore su? Daga wani mai karatu a Damagaram.

Amsa: Malam, zumanmu na Afirka an san su da saurin ƙaura idan wuri bai yi musu ba, saɓanin na Turai da sukan daure, kuma abubuwan da ke korarsu sanannu ne: zafin rana a kan akwati, da tururuwa, da rashin ruwa, da yawan buɗewa ana leƙe, da wahalar hanya. Suna riƙe zafin wurin 'ya'yansu a kan digiri 34 zuwa 35, kuma sabuwar saƙa tana da taushi ƙwarai, don haka akwatin da aka toshe da tsumma aka ɗora a babur da rana tsaka zai isa da saƙa a zube. A yi tafiyar da dare ko kafin asuba, a rufe ƙofa da ragar waya domin iska ta shiga, a ɗaure murfi da sanduna tamau, a riƙe akwatin a daidaice, a tafi a hankali. In ana bukatar haske a rufe bakin tocila da jar leda, domin ba su ganin jan haske sosai.

Nisa ma yana da ƙa'ida ga waɗanda suka riga suka zauna a wuri suka san hanya. Ko dai a matsar da su ƙasa da mita 1, ko kuma a kai su fiye da kilomita 5, domin a tsakanin haka masu fita kiwo za su gane ƙasar su koma tsohon wurin su taru. Wanda yake son matsar da akwati daga wannan gefen gari zuwa wancan, sai ya kai shi nesa tukuna na kimanin mako uku, sannan ya dawo da shi inda yake so.

Abin da ya fi riƙe sabon gungu shi ne saƙa guda mai ƙwai da tsutsotsi daga wani gidan, domin da wuya ma'aikata su tashi su bar jarirai. Wasu sukan sa ragar tsare sarauniya a bakin ƙofa, wadda ma'aikata ke wucewa ita kuma ba ta iyawa, amma kada ta wuce kwana biyu ko uku, saboda in sarauniyar budurwa ce dole ta fita ta sadu da maza a sararin sama kafin ta fara ƙwai, kuma ragar da aka ƙera don zuman Turai takan yi wa tamu faɗi. Ka ɗora akwatin a kan maɗori a inuwa, nesa da hanyar mutane da turken dabbobi, ka sa ƙafafun maɗorin a cikin gwangwanaye masu baƙin mai, ka ajiye kaskon ruwa da tsakuwa ko karare a ciki domin su sauka su sha ba tare da nutsewa ba, sannan ka ƙyale su mako biyu ba ka buɗe ba. Akwatin da suka bari kuma kada ka wanke shi. Ka duba ko tururuwa ko asu sun shiga, ka kakkaɓe, ka mayar da shi kan itace, domin ƙanshin da suka bari a ciki ya fi duk abin da za ka shafa.